Hanyar keke a garin da rana ke ƙuna: yaya birane ke yi?

Tambaya: Malam, na fi shekara ashirin ina zuwa aiki a keke, amma yanzu daga watan Maris zuwa Mayu sai na jingine shi, rana ta fi ƙarfina. Da damina kuma ruwa ke cinye gefen titi. Ina jin ana cewa a ware wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hanyarsu. To ina amfanin haka idan zafi kullum ƙaruwa yake? Akwai garin da ya shawo kan matsalar?

Amsa: Malam, gaskiya ka faɗa. Hanyar keke da ba inuwa a garin zafi, fenti ne kawai aka ɓata. Mai mota yana cikin sanyin na'ura, kai kuwa rana na dukanka ta sama, kwalta na gasa ka ta ƙasa. Ka ajiye keken minti goma a waje, sirdin ma ba ya zaunuwa. Shi ya sa a aikinmu na tsara birane, ni inuwa nake fara tambaya kafin faɗin hanya.

Garin da ya fi burge ni a nan shi ne Medellin na ƙasar Kolombiya. A 2016 suka fara abin da suka kira korayen hanyoyi, guda 30: tituna 18 da bakin rafuka 12. Sun fasa siminti a tsakiyar manyan tituna da gefensu, suka dasa dubban itatuwa da ƙananan tsirrai a ƙarƙashinsu, aka bi da hanyar keke da ta ƙafa ta cikin inuwar. Hukumomin birnin sun ce zafi ya ragu da kusan digiri 2. Amma abin da na fi so a lura da shi: sun horar da mutum 75 daga cikin marasa galihu a matsayin masu lambu, ana biyansu don kula da dashen. Dasa itace ba shi ne wuya ba, raya shi ne.

Inda itace bai girma ba, rumfa ake yi. Singafo ta gina hanyoyin ƙafa masu rufi na kusan kilomita 200 da ke kai mutum tashar jirgin ƙasa, ba ruwansa da rana ko ruwan sama. A Sabil ta Sifaniya, wadda malamai suka sani da Ishbiliya, ƙyallaye ake ɗaurawa saman titunan kasuwa duk lokacin zafi.

Akwai wata dabara da nake ɗari-ɗari da ita, wato shafa wa kwalta fenti mai haske. Birnin Phoenix na Amurka ya gwada a 2020. Masu binciken Jami'ar Jihar Arizona sun ga fuskar titin ta yi sanyi da kimanin digiri 6, amma zafin da ke dukan jikin mai tafiya da tsakar rana ya ƙaru da kusan digiri 3, domin hasken da titin ya ƙi haɗiyewa a jikin mutum yake ƙarewa. Titi ya huta, mai keke bai huta ba.

Batun ruwa kuwa, Kopenhagen ta Denmark ta sha wuya ranar 2 ga Yulin 2011, da ruwa kusan milimita 150 ya zuba cikin awa biyu. A 2012 suka fito da shirin sake fasalin tituna da filaye, yadda ruwa zai gangara wuraren ciyawa da aka tanada ya jira a can. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don a ginin titi na yau da kullum gefe ake karkatar da ruwa, kuma gefen nan ake ba mai keke.

A garuruwanmu ba sai mun nemo itace daga nesa ba. Duk wanda ya bi tsofaffin titunan Maiduguri ƙarƙashin dogon yaro ya san bambancin a fatarsa. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake sare irin waɗannan itatuwa in za a faɗaɗa titi, a maye su da dashe a ɗan rami cikin siminti. Idan aikin titi ya zo unguwarku, ku nemi a bar manyan itatuwan da ke tsaye, a ɗaga hanyar keke sama da matakin kwalta, sabon dashe kuma a ba shi fili mai yalwa, da shingen da zai hana awaki, da mai ban ruwa har rani uku.