Na tuba, amma dole ne in mayar da kuɗin?

Ɗan'uwa, ka ce ka taɓa kuɗin baikon coci da aka ba ka ajiya, ka roƙi gafara, amma zuciyarka ta ƙi kwanciya. Gafara kam tana nan, 1 Yohanna 1:9 ta tabbatar. To, kuɗin jama'a fa? Dubi Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19: ninki huɗu ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta. Kai dai ka mayar da abin da ka ɗauka, ko kaɗan-kaɗan ne. Kada ka lallaɓa ka zuba a baikon Lahadi a ɓoye, lissafin coci ba zai daidaita ba, hankalinka ma haka. Ka samu fasto ko dattijo mai riƙon amana ku tsara biya. Makullin akwatin kuwa, ka miƙa wa wani tukuna.