Mahaifina na fama da ciwon daji a gidan gyaran hali, an ce mofin zai ƙarasa shi

Tambaya: Likita, mahaifina yana gidan gyaran hali shekara tara ke nan, ciwon daji ya kai masa har ƙashi, ba ya barci saboda zogi. An rubuta masa mofin, maganin kashe zogi mai ƙarfi, amma kawuna ya hana, wai da shi ake ƙarasa fursunoni a rage cunkoso. Na rasa inda zan sa kaina.

Amsa: Allah Ya ba Baba sauƙi, 'yar'uwa. Ki sa a ba shi maganin.

Maganar kawunku na gaji da jin ta. Mafarinta shi ne dangi kan ƙi yarda sai mara lafiya ya kai gargara, a ba shi, ya cika washegari, sai a ce maganin ne. Cutar ce ta gama aikinta. Tun 1977 mofin yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Da kaɗan ake farawa, wanda ake sha ta baki, duk bayan awa 4, ana ƙarawa gwargwadon zogin. Zai yi gyangyaɗi kwana biyu ko uku, zai kuma sami taurin bayan gida, don haka a haɗa masa da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Masu tsoron kada ya kamu da jarabarsa kuwa, dattijon da ƙashinsa ke cinyewa ake wa wannan tsoron? Abin haushi, wanda ya hana mofin shi ne zai sayo tiramadol a kemis, ko jiƙon wani mai tallan magani da lasifika, ya ɓoye cikin kwanon tuwo ranar ziyara, ba awo ba lissafi. Wannan ne ke kisa.

Ɗaurin da aka yanke masa bai haɗa da azabar ciwo ba. Ƙa'idojin Mandela na 2015, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, sun ce a kula da lafiyar ɗaurarre daidai da ta mutumin waje.

Batun fitowa: in laifin dokar jiha ne, sashe na 212 na tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon afuwa, na tarayya kuwa shugaban ƙasa ne, sashe na 175. Ki karɓi rahoton likita a rubuce, lauya ya haɗa da takardar roƙo zuwa majalisar ba da shawara kan afuwa. Takarda kan kwana a tebur, saboda haka kada zogin ya jira ta. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya sa sunan Baba, ɗan damfara ne.