Anti, ɗana namiji aka lalata, babansa ya ce a yi shiru

Salam Anti. Yarona ɗan shekara 11 ya daina cin abinci, ga fitsarin kwance ya dawo, da kyar jiya ya faɗa min wani babba a layinmu ne yake jansa ɗaki, babansa kuma ya ce a rufa asiri wai namiji ba a yi masa fyaɗe. Ya zan yi? — Wata uwa, Kaduna

Wa'alaikissalam ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ana yi wa maza fyaɗe wallahi, dokar hana cin zarafin mutane ta Najeriya (VAPP) ta 2015 ma ta haɗa da su. Asibiti tukuna, yau ba gobe ba, maganin kariya daga HIV da ake kira PEP cikin awa 72 ake fara shi, kuma ko lokacin ya wuce a duba yaron. A Kaduna akwai cibiyar Salama, kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe aikinsu kenan. Kayan da ya saka kar ki wanke, shaida ce wajen ƴan sanda.

Shi kuma yaron, don Allah banda "me ya kai ka?", ki zaunar da shi ki ce kin yarda da shi, ba laifinsa ba ne. Maigidan ki tambaye shi cikin lalama, in kun yi shiru ɗan wa mutumin nan zai ja ɗaki gobe?