Kafin ki cika kuɗin "gyararren bugu", ki tambayi me aka gyara

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarki, na fara rubutu na goge saboda raina ya ɓaci, sai yanzu da na sallami yara na samu zama. Kin ce kawun yaranki ya kawo musu tsarabar littattafan zane daga Faransa, ciki har da Tintin na Kwango, labarin wani matashin Bature ɗan jarida da karensa, ɗanki ya zo yana tambayar me ya sa aka zana baƙaƙen mutane kamar birai, mai kantin littattafai kuma ya ce akwai gyararren bugu, ki kawo wannan ki yi ciko ya musanya miki. Kina son sanin ko gyararren ya dace da yaro. Don Allah kada ki cika masa ko dala. Masu ce miki "ai zane ne kawai" kuma, Allah ya sa kada su ga abin da na gani.

Na taɓa riƙe ɗakin karatu a wata lakwal mai zaman kanta a nan Damagaram. Wata ƙungiyar Turawa ta aiko mana da kwalayen littattafai, mafi yawansu tsofaffi ne da aka kwashe daga gidajen mutane, wasu har da sunan mai su a bangon ciki. Da nake warewa na ci karo da wannan littafin. Na ɗauke shi na kai wa dirakta har ofis, na buɗe masa wurin da motar Tintin ta kayar da jirgin ƙasa, yana tsaye yana ba fasinjoji umarni su tada shi, karensa ma yana ce musu malalata. Na nuna masa leɓunan da aka yi wa mutanen, jajaye, sun cinye rabin fuska. Ko kallon kirki bai yi ba. Cewa ya yi, "Madam, ke ma da neman magana. In baƙi suka zo ɗaukar hoto ba su ga littafinsu a kanta ba, ke za ki yi musu bayani?" Haka na mayar na jera.

Akwai wani yaro a aji biyar, baƙi wuluk, shiru-shiru, lissafi kamar ya haɗiye shi. Ba a daɗe ba 'yan ajinsu suka laƙaba masa Coco, sunan yaron da ke yi wa Tintin hidima a cikin labarin. In ya shigo sai su turo baki gaba, suna kwaikwayon karyayyen Faransancin da aka sa a bakin mutanen Kwango. Abin da ya fi ci mini rai, masu tsokanar nan su ma baƙaƙe ne, sun ɗan fi shi haske ne kawai, kin dai san halinmu da maganar fari da baƙi. Yaron ya daina fita shan iska. Sai ya shigo wurina ya zauna a ƙarshen benci, bai karatu, bai magana, yana ta murza bakin rigarsa har a kaɗa ƙararrawa. Ranar da tura ta kai bango ya ɗauki allon rubutu ya fasa wa wani gira.

Washegari uban yaron ya zo, tela ne, da zare a jikin rigarsa, daga shago ya taso. Bai ɗaga murya ba, wallahi da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce shi dai a nuna masa littafin da ya sa ɗansa ya ce ba zai ƙara zuwa lakwal ba. Aka ɗauko. Ya juya shafi ɗaya bayan ɗaya a hankali, bai iya Faransanci ba amma ai hoto ba ya buƙatar tafinta. Da ya kai ƙarshe, inda mutanen ƙauye ke durƙusa wa gunkin Tintin, ya ɗago ya ce, "Wa ya ba yara wannan?" Dirakta ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Ai Madam ce ke kula da littattafai, ni ban ma san da shi ba." A gaban malamai, a gaban uban yaro, a gaban mai gadi da ke leƙe ta taga. Mutumin da na kai wa littafin har teburinsa! Na buɗe baki maganar ta ƙi fita, hannuna sai rawa yake, na kama kujera. Telan nan ya dube ni ya ce, "Malama, ke ma fa uwa ce." Har gobe in na tuna kalmar nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Shi kuwa dirakta da yamma har yana tsokanata wai na cika saurin kuka. Na yafe wa yaran, don yara ne. Shi dai na bar shi da Allah, ba zan ce na yafe ba alhali ban yafe ba.

Shi ne kuma ya ce ya ji labarin akwai gyararre, a sayo a maye gurbin wancan don a nuna wa iyaye an ɗauki mataki, kuma daga albashina za a cire kuɗin. Aka aika Yamai, littafi ya zo a motar haya cikin leda, sabo fil. Na buɗe. Leɓunan suna nan, jirgin ƙasa yana nan, gunkin yana nan. Shafi da shafi, da wanda muke da shi duk ɗaya ne. Ashe wanda ya jawo mana rigimar shi ne gyararren.

Daga nan na shiga bin diddigin abin, don na rasa barci. Hergé, mai zanen Tintin, ɗan Beljiyam, ya fara fitar da labarin ne a jarida a 1930 zuwa 1931, yana ɗan shekara 23, bai taɓa taka Kwango ba, ƙasar tana hannun Beljiyam. Ita ce ƙasar da aka riƙa yanke hannuwan mutane a kan roba zamanin Sarki Leopold na biyu, kafin gwamnatinsu ta karɓe ta daga hannunsa a 1908. A 1946 ya sake zana littafin da launi, ya rage shi zuwa shafi 62. To me ya gyara? A na farko Tintin yana tsaye a aji yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A na biyu ya koma koya musu biyu a tara da biyu. Aka rage ambaton Beljiyam da mulkin mallaka, aka bar fuskokin yadda suke. An yi ba a yi ba, rufe ƙofa da ɓarawo.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na 1975. Akwai wurin da Tintin ya huda bayan karkanda ya cusa nakiya ya tarwatsa ta. Masu buga littafin a ƙasashen Sikandinebiya suka ce yaransu ba za su kalli wannan ba, sai Hergé ya zauna ya sake zana shafin, karkanda ta gudu lafiya lau. An ji tausayin karkanda, 'yar'uwa. Mutanen da ke cikin littafin ba wanda ya ce a taɓa su.

In kin lura, duk gyaran da aka yi wa littattafan mutumin nan, akwai mai ƙarfin da ya nema. A ƙarshen shekarun 1950 masu bugawa a Amurka suka ce ba sa son a nuna baƙaƙe da farare tare a littafin yara, sai ya cire baƙaƙen daga wani labarin ya sa wasu a madadinsu. Wannan ma ai gyara ake kiransa. A wani na 1942 akwai mugun attajiri mai sunan Yahudawa, Blumenstein, a 1954 aka canza masa suna, amma hancin da aka zana masa yana nan. Wanda ya ɗan shafe mu kai tsaye shi ne Coke en stock na 1958, labarin maniyyata baƙaƙen fata da aka yaudara za a sayar da su bayi a hanyar Makka. Wannan kam na karanta shi da wani irin yanayi, don kakata ta sha ba mu labarin 'yan'uwanta da suka tafi hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasu ba su dawo ba, zuriyarsu tana can har yau. Niyyar labarin ta yaƙi da bauta ce, amma alhazan nan an mai da su wawaye masu karyayyen harshe. Mujallar Jeune Afrique ta caccake shi a 1962, a bugun 1967 aka gyara musu magana. Maganar kawai.

Na Kwango kuwa har kotu an je. Wani ɗan Kwango mazaunin Beljiyam, Bienvenu Mbutu Mondondo, ya shigar da ƙara a 2007 yana neman a janye littafin ko a sa masa gargaɗi. A 2012 kotun Brussels ta kori ƙarar, ta ce babu niyyar tada ƙiyayyar launin fata, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar a ƙarshen shekarar. A Ingila, a 2007 ɗin, hukumar daidaiton launin fata ta yi tir da shi, wasu kantuna suka ɗauke shi daga sashen yara suka kai na manya, sai ciniki ya ƙaru. Ina jin sabon bugun da mai kantinki yake nufi shi ne na 2023, mai sabon bango da gabatarwa a farko. Ki sani wannan ainihin tsohon zanen 1931 ne aka shafa wa launi, wato darasin "Beljiyam ƙasarku" ma ya dawo. Gabatarwar kuma wane yaro ɗan shekara tara ne zai tsaya karanta ta? Hoto zai wuce kai tsaye.

Ba wai ba sa iya gyara na gaskiya ba ne, kada wani ya ce miki tarihi ne ba a taɓawa. A 2008 da aka gano an nuna mugun cikin zanen Japan ɗin nan na JoJo yana karanta shafukan Alƙur'ani a fim ɗinsa, kamfanin Shueisha ya ba da haƙuri, ya dakatar da fitar da kayan, aka sake zana wuraren da ake faɗa a kan gine-gine masu kama da masallaci kafin littattafan su dawo kasuwa. A 2017 wani mai zane ɗan Indonesiya ya saƙala saƙon siyasar ƙasarsu a cikin littafin zanen X-Men, cikin mako guda kamfanin Marvel mai buga shi ya sallame shi, ya goge abin daga bugu na gaba. Ko a 2024 kamfanin Dupuis na Beljiyam ya janye wani littafin Spirou daga kasuwa saboda an zana baƙaƙe kamar birai, bayan abin ya yaɗu a TikTok, alhali littafin ya shekara guda a kanta ba wanda ya ce uffan. Wanda ya yi ihu aka ji tsoron asarar kuɗinsa, shi ake yi wa gyara.

Ni dai ga abin da nake yi yanzu. Duk littafin zanen da ya shigo gidana sai na juya shi daga farko har ƙarshe kafin yaro ya taɓa, ko wa ya kawo, ko da mahaifinsu ne. Ba sai kin karanta ba, fuskoki za ki duba, da wanda ke tsaye da wanda ke durƙushe. In mai kanti ya ce gyararre ne, ki ce ya ɗauko miki hoton shafukan tsakiya ta WhatsApp, bango ba ya nuna komai. Kuma ki tambayi ɗanki ko ya je da shi lakwal, ko ya ara wa wani. Wannan ya fi komai muhimmanci, don a gida kina nan kina bayani, a aji babu mai yi. Ki saurara ko akwai wanda aka fara kira da wani suna, ki saurara ko shi ake kira, ko kuma shi ne mai kiran. Kada ki ce ɗana ba zai yi ba. Waɗanda suka addabi yaron can 'ya'yan mutanen kirki ne, ina gaisawa da iyayensu mata a gidan biki.

Tambayar da ya yi miki kuma ki ba shi amsa, kada ki ce ya manta. Ki ce masa wanda ya zana bai taɓa ganin mutanen ba, kuma ƙasarsa tana cin dukiyarsu a lokacin, dole ta nuna su kamar marasa wayo don a ce taimako ake yi musu. Yaro yana gane zalunci fiye da yadda muke zato. Ban ce ki ƙona shi ba. Nawa, wanda aka cire mini kuɗinsa, na taho da shi ranar da na bar aikin, yana saman durowa. Da babbar 'yata ta shiga kwaleji muka zauna muka duba shi tare, ita ce ma ta nuna mini cewa a duk littafin dabarar kare ta fi ta mutanen ƙauyen.

Malamai da ke cikinmu, don Allah in kun kai ƙorafi wurin shugaba ku rubuta a takarda ku ajiye kwafi, ko ku tafi da shaida. Baki da baki ba ya tsare mutum ranar da iyaye suka zo. Kuma kwalayen kyautar nan a daina karɓarsu ido rufe don kawai a samu hoto da Turawa.

In abin karantawa kike nema masa, ki gwada Akissi na Marguerite Abouet, 'yar Kodebuwa ce, labarin wata yarinya marar ji a unguwarsu a Abijan. Akwai ƙiriniya sosai, wani wurin har da ƙazanta irin ta yara, ke ma ki duba kafin ki miƙa, amma mutanen ciki mutane ne, da uwa mai faɗa da wa mai cin zali kamar na kowane gida. Aya de Yopougon nata ne ita ma, sai dai wannan na 'yan mata da samari ne, ba na ɗan shekara tara ba. In akwai wadda ta san inda ake samun Akissi a Maraɗi ko Kano da sauƙi ta faɗa mana, don in daga Yamai za a aiko, kuɗin mota ma wani abu ne.