Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Wasan Koya wa Yara Sinanci

Ina saro kaya daga Guangzhou, kuma na gaji da biyan tafinta. Ina so ɗana mai shekara 7 ya tashi da Sinanci. An nuna mini wata 'yar kwamfutar roba mai magana, kuɗinta ya kusa rabin buhun shinkafa. In saya? — Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari

Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Kai da kake shiga kasuwannin Sin ai ka fi ni sanin cewa kaya hawa-hawa ne, kuma na ƙasan ne ake jibge mana. Yawancin waɗannan robobi lasifikarsu ƙarar gwangwani take yi, Sinanci kuwa harshe ne na karin sauti. Kalmar "ma" kaɗai, gwargwadon yadda ka ɗaga murya ko ka sauke ta, tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi. Mu ma muna da irin wannan: kukan jariri dabam, kukar miya dabam. To yaron da ya kwashi karin sauti daga shaƙaƙƙiyar lasifika, ranar da ya buɗe baki gaban Basine doki zai kira mahaifiyar mutum.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke sayen kaya saboda kwali. An zana panda, an rubuta Sinanci ja-wur, shi ke nan mun zaro kuɗi. Babu mai cewa a sa batir a kunna a gabansa. Bayan sati biyu maɓalli ya maƙale, ƙanen yaron ya tsoma ta a randa, a koma a sayo wata. Katunan hoto ma haka. Duba ko akwai pinyin, wato rubutun Sinanci da baƙaƙen boko, kuma ko da 'yan alamomin sauti a kan wasula. In babu alamomin, ajiye musu kayansu. Sannan ka tambaya ko sauƙaƙaƙƙen rubutu ne da ake amfani da shi a Guangzhou da Beijing, don na Taiwan da Hong Kong tsohon salo ne mai yawan zane.

Ga wasan da ba ya cin ko sisi. A zana 'yar gala-gala da gawayi a tsakar gida, a rubuta 一 二 三, wato ɗaya, biyu, uku, a gidajen, duk inda ya dira ya faɗi yī, èr, sān. Daga baya a ƙara 人 mutum, 山 dutse, 口 baki. Kama suke da abin da suke nufi, yara kan cafke su nan da nan. Muryar kuwa, ka roƙi abokin cinikinka na can ya riƙa turo gajeren saƙon murya.

'Yata shekararta 6, tana boko tana Islamiyya, yanzu makarantarsu ta kawo Sinanci. Ina tsoron kanta ya rikice. — Wata uwa, Kaduna

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Yarinyar da ke jin Hausa a gida, Turanci a aji, Larabci a Islamiyya, ba baƙuwar harsuna ba ce. In ta gauraya kalmomi, kada ki tsawata mata, zai wuce. Minti 10 bayan la'asar ya wadatar. Ku yi ƙirgen yatsu irin na Sinawa, da hannu ɗaya suke kaiwa goma, kuma 11 a wurinsu "goma ɗaya" ne, kusan yadda muke faɗa. Ki bar ta ta zama malamarki, ki riƙa kuskure da gangan tana gyara miki. Allah Ya yi mata albarka.

Wace manhaja ce za ta sa ɗana ya iya Sinanci cikin wata ɗaya? — Daga Zariya

Babu ita, Malam. Matakin farko na YCT, jarrabawar Sinanci ta yara, kalmomi 80 kacal yake nema, su ma ba a hadiye su a wata guda. Duolingo da HelloChinese suna da amfani ga wanda ya riga ya iya karatu, amma ka miƙa wa ɗan firamare waya ka juya baya, datarka ce za ta ƙare a kallon zane mai motsi.