Me Ya Sa Fentin Bidiyona Yake Rawa?

Tambaya: Malam, ina so ɗakin da na gina a Blender, manhajar ƙera abubuwa na 3D, ya fito kamar zanen katun, amma Shader to RGB, mai mayar da haske da inuwa launi, ya ƙi aiki.

Amsa: Kana kan Cycles ne, ɗaya daga injinan fitar da hoto na Blender. A injin Eevee kaɗai yake aiki. Koma can, ka haɗa masa Color Ramp, mai tsara launuka, ka sa shi a Constant don launukan su rabu sarai.

Tambaya: Na yi bidiyon mota kyamara tana zagaya ta, na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da manhajar waya na sa musu salon Van Gogh. Kowanne ya yi kyau, amma da na haɗa su sai fentin ya kama rawa.

Amsa: Wannan tambayar ta ishe ni, amma bari in sake. Asalin dabarar nan ta ɗora wa hoto salon mai zane aikin mai bincike Gatys da abokansa ne a Jamus a 2015, manhajar Prisma ta kawo ta wayoyi a 2016. Don hoto guda aka yi ta. Ba ta san ƙofar motar da ke hoto na 40 ita ce dai a na 41 ba, don haka kowane karo sabon wuri take zaɓa wa burushinta. Kai kuma kana watsa hoto 24 a daƙiƙa. Mai fenti 24 ka ɗauka haya, ba wanda ya ga aikin ɗan'uwansa, sannan kana mamakin rawa!

A jikin motar ake sa salo, ba a kan hoton da aka riga aka fitar ba. In a Blender ka gina motar, buɗe UV ɗinta, wato ka shimfiɗa fatar jikinta a fili, ka fenta fatar da shacin burushi. Duk inda kyamara ta juya, fentin yana nan daram. In ƙiwa ta hana ka, akwai manhajar EbSynth: ka fenta hoto ɗaya, ta bi motsin ta yaɗa shi ga sauran. Sai dai da zarar bayan motar ya bayyana, wanda babu shi a hoton da ka ba ta, za ta jagwalgwala shi. Nan sai ka fenta mata wani. Masu bincike ma hanyar sa salo a jikin abin suka bi da NeRF na 2020 da Gaussian Splatting na 2023, dabarun gina siffar 3D daga hotuna, suna cusa salon cikin siffar kanta. Wannan kuwa ba aikin waya ba ne.

Tambaya: Kwamfutata ta mutu ana tsakiyar renda, wato fitar da bidiyo, bidiyon ya ƙi buɗuwa.

Amsa: Wa ya ce ka fitar da MP4 kai tsaye? Fitar da jerin hotunan PNG, in ta mutu ka ci gaba daga inda ta tsaya, ka haɗa daga baya.