Tambaya da Amsa: Yadda Fiame Naomi Mata'afa Ta Hau Mulkin Samowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce an taɓa rantsar da wata mace Firaministar Samowa a cikin tanti saboda an kulle majalisa. Wace ce ita, kuma ta yaya abin ya kai ga haka? — Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ka ji, malam. Sunanta Fiame Naomi Mata'afa, 'yar Firaministan farko na wannan ƙasa ta tsibirai a tekun Pasifik. Amma kafin a zo kan tanti, sai an san dokar takara a can.

A Samowa ba kowa ke tsayawa takarar majalisa ba. Dole mutum ya riƙe sarautar dangi, wadda suke kira matai, kuma ya nuna ya yi wa ƙauyensa hidima. Kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1990, ko zaɓen ma masu sarauta kaɗai ke yi a yawancin mazaɓu. Kalmar Fiame ɗin nan sarauta ce ta garin Lotofaga, wadda mahaifinta ya riƙe har rasuwarsa a 1975. Da ita ta shiga majalisa a 1985. A 1991 ta zama ministar ilimi, mace ta farko a majalisar ministocin ƙasar. A 2016 ta zama mataimakiyar Firaminista Tuilaepa Sailele Malielegaoi na jam'iyyar HRPP, sannan ta ajiye muƙamin a Satumban 2020 saboda ta ƙi amincewa da dokokin da suka sauya matsayin kotun filaye da sarautu. Daga nan ta jagoranci sabuwar jam'iyyar FAST.

Rikicin ya taso ne daga lissafi. A zaɓen 9 ga Afrilu 2021, cikin kujeru 51, FAST ta sami 25, HRPP 25, ɗan takara mai zaman kansa ya ɗauki ɗaya, daga baya ya bi FAST. To, gyaran tsarin mulki na 2013 ya ce mata kada su gaza kashi 10 cikin 100 na majalisa. Mata biyar aka zaɓa, kuma biyar cikin 51 kashi 9.8 ne. Sai hukumar zaɓe ta ƙara kujera ɗaya ga wata 'yar HRPP domin mata su cika shida, aka koma kunnen doki, 26 da 26. A ganinmu laifin na rubutun dokar ne, domin ba ta fayyace yadda za a yi da ɓurɓushin lissafi ba, ko lokacin da za a cike giɓin.

Kotun Ƙoli ta soke ƙarin kujerar da kuma sabon zaɓen da shugaban ƙasa ya kira. Ranar 24 ga Mayu, ranar ƙarshe ta wa'adin kwana 45 da tsarin mulki ya ba majalisa ta zauna, Fiame da mutanenta suka iske ƙofar majalisa a Mulinu'u, a babban birnin Apia, a garƙame, 'yan sanda na tsaye. Nan suka yi rantsuwa cikin tanti a harabar ginin. Tuilaepa ya ƙi sauka, har sai ranar 23 ga Yuli da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce rantsuwar halastacciya ce.

A 2025 FAST ta rabu, majalisa ta ƙi kasafin kuɗin gwamnatin Fiame, aka yi zaɓen gaggawa a Agusta, mulki ya koma hannun La'auli Leuatea Schmidt, jagoran ɗaya ɓangaren na FAST.